Abin da Na Koya a Sahun Makaɗan Okestra

Lokacin da nake karatu a Jamus na shiga wata ƙungiyar okestra ta ɗalibai, wato babbar ƙungiyar masu goge, masu busa da masu ganguna da ke kiɗa tare, aka ajiye ni a sahun baya, inda masu ganguna da sauran kayan bugawa suke tsayawa. Na tashi ne a inda ganga ke jan ragamar taro, don haka ban yi tsammanin cewa yawancin aikina zai zama jira ba. Masu goge suna ja ba hutu, masu busa suna shiga suna fita, shi kuwa makaɗi yana iya shafe mintuna yana ƙirga gaɓoɓin kiɗa a zuciyarsa kafin ya ɗaga hannu sau ɗaya. A sinfoni na 9 na mai tsara kiɗa Dvořák, wani dogon kiɗan okestra mai kashi-kashi wanda aka fara kaɗawa a New York a 1893, sau ɗaya tak ake gwara fayafayan tagulla, a kashi na ƙarshe, kuma ba da ƙarfi ba. Wanda aka ba wannan aiki dole hankalinsa ya kasance a wurin tun daga farko.

Timfani ne suka fi ɗaukar mini lokaci, wato manyan gangunan nan masu kama da tukunyar tagulla. Kowace tana da muryar da ake saita ta a kai, domin idan aka taka feda fatar takan ɗaure ko ta saki, kamar yadda mai kalangu ke matse tsirkiya a hammatarsa. Wahalar ita ce sau da yawa ana sauya muryar ne a tsakiyar kiɗa, sai mutum ya sunkuya ya kai kunnensa dab da fatar, ya ɗan taɓa ta da yatsa, alhali sauran makaɗa suna kaɗa wata murya dabam. Bayan bugu kuma sai a ɗora tafin hannu a kashe amon, in ba haka ba ya malale ya ɓata abin da ke biye. A ganina wannan kashe amo ya fi bugun kansa nuna gwaninta.

Nisa ma yana da nasa hukunci. Sautin masu goge yakan ɗan makara kafin ya iso baya, saboda haka wanda ya dogara da kunnensa kaɗai zai riƙa shigowa a makare, dole ido ya tsaya a kan sandar madugu, wato mai tsayawa a gaba yana jagorantar okestra.

Na fi ganin nauyin wannan sahu ranar da muka kaɗa Boléro, kiɗan da Bafaranshe Ravel ya tsara a 1928. Ƙaramar ganga ce ke maimaita salo ɗaya na kusan minti 15, ta fara can ƙasa-ƙasa har ta kai ga cika zauren, kuma duk okestra a kanta take tafiya. Abokiyar karatuna ce ta riƙe ta, ni ina kan timfani, ina ganin yadda take hana hannunta gaggawa duk lokacin da sauran makaɗa suka ƙara ƙarfi.