Gidan da na kusa saya da rani, da wanda na saya bayan kaka

Ranar da takardar canjin wajen aiki ta zo hannuna ina zaune a ofis a Kano, ƙarshen shekarar 2022 ne, na karanta sau biyu naga an rubuta yankin Birnin Kudu a jihar Jigawa. Ni aikina na manoma ne, rabon iri da taki da bin gonaki, toh ba abin mamaki bane a tura ka ƙauye. Amma mutum ya shekara 11 yana haya a Kurna, yara uku duk suna makaranta, uwargida da kekenta na ɗinki da kwastomominta, ace ka tattara ka tafi, ai ba ƙaramin abu bane. Da na faɗa mata shiru tayi, can sai tace “toh Abban su, mu kuma fa?” Nace bari in je in ga wajen tukuna.

Watannin farko ɗaki ɗaya na kama a wani ƙauye da bai fi tafiyar minti 20 a mashin ba daga cikin garin Birnin Kudu, katifa da risho da buta shikenan. Duk Juma'a in an sauko masallaci in kama hanyar Kano, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san Juma'a ce kasuwar Wudil, motocin shanu da 'yan kasuwa sun cika bakin gada, sai ka ɓata awa guda a wajen da ya kamata ka wuce a minti biyar. In isa gida bayan magariba a gajiye, Lahadi da yamma kuma in juyo. Yaran suka fara yi min kallon baƙo, autan ma in na miƙa hannu sai ya ɓuya a bayan mamansa. Abin nan ya tsaya min a rai sosai, shi yasa na fara tunanin in sayi gida kawai in kwaso su, tunda ina da ɗan fili na awon igiya a bayan gari a Kano wanda in na sayar zai isa.

Na sayar da filin, na sa dillalai cigiya. Cikin sati biyu wani ya kai ni wani gida a gefen ƙauyen, ginin bulo, ɗaki uku da falo, kwano sabo, an yi masa filasta an shafa farin fenti, tsakar gida mai faɗi har da rijiya wadda in ka leƙa ruwa na nan kusa, guga ba ya nisa. Kuɗin kuma ƙasa da abin da nayi zato. Wallahi a ranar zuciyata ta gama saye. Dillalin sai cewa yake “Malam ka bada kafin alƙalami yau, akwai wani Alhaji daga Dutse da ya taya.” Abin da ya hana ni biya ba wayona bane, lokacin canjin kuɗi ne, watan Fabrairu zuwa Maris na 2023, takardar naira ta ɓace a gari, masu POS babu, banki layi har titi, shi kuma mai gidan yace shi ba ya karɓar taransifa sai dai kuɗi a hannu. Haka muka yi ta jan ƙafa sati uku ina jin haushi kamar me.

A cikin satuttukan nan ne wata Asabar ban je Kano ba saboda ko kuɗin mota babu a hannu, sai wani abokin aikina ɗan garin yace zo in kai ka ka ga duwatsu, ka zauna a ɗaki kana ta tsaki. Muka hau mashin sai Dutsen Mesa. Ni kunya ta kama ni ma, na girma a Kano, na san Dala na san Gwauron Dutse, amma ban taɓa sanin akwai zanen mutanen da a jikin dutse a nan kusa damu ba. Ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa sai ga shanu an zana da jan abu kamar jar ƙasa, ƙahonninsu dogaye, kuma abin da abokina ya nuna min wanda da ni kaɗai ne ba zan lura ba, shanun basu da tozo. Ka duba duk shanun da ke kasuwar Wudil ko Maigatari yau, tozo ne a bayansu, waɗannan kuwa bayansu a shafe, wato wani irin shanu ne da aka yi kiwo a ƙasar nan kafin waɗanda muka sani. Akwai irin zanen a Dutsen Habude ma, kuma duka biyun suna cikin wuraren tarihin da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula dasu, tana da ofis a garin. Sannan ga duwatsun da in ka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa, jikinsu duk ya yi ƙananan ramuka saboda yawan bugu na shekaru. Wani Bature mai binciken tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu tun wajen 1955.

A nan muka haɗu da wani dattijo yana hutawa a inuwa da ɗaurin kirare a gefensa, ashe mutumin ƙauyen da nake zaune ne. Muka gaisa, ya tambayi aiki, abokina ya ce masa ai Malam gida ma zai saya a wajenku. Yace wanne? Na kwatanta. Sai yayi ɗan shiru yace “yaro, ka taɓa zuwa wajen da damina?” Nace a'a Baba. Yace “toh in ka koma kar ka kalli fenti, ka kalli gindin katangar maƙwabta, ka kalli ƙasar da kake takawa, ka kuma ƙirga bagaruwar da ke bayan gidan.” Bai ƙara komai ba, ya ɗau kirarensa.

Washegari da sassafe naje ni kaɗai ba dillali. Subhanallah. Ni da nake koya wa manoma bambancin jigawa da fadama, ƙasar wajen baƙar laka ce duk ta tsattsage, irin wadda ke riƙe ruwa, bayan gidan bagaruwa ce reras, ita kuwa inda ruwa ke kwanciya take so. Katangar maƙwabcin da ba a yi wa fenti ba, akwai wani layi a jikinta daidai gwiwata, ƙasansa ya yi duhu ya zaizaye, samansa lafiya lau. Rijiyar da ta burge ni saboda ruwa na kusa, ashe ita ma magana take min ban ji ba. Na tambayi wata tsohuwa mai shara a ƙofar gida, tace ai damunar 2022 da ruwa ya yi ɓarna a Jigawa, a makarantar firamare suka yi kwanaki. Ban ce mai gidan mugu bane, shi ma tsira yake nema da iyalinsa, amma dillalin da ya sani ya rufe ni, shi kam har yau in mun haɗu gaisuwa ce kawai.

Sai na haƙura da gaggawa, nace sai naga damina da idona. Ba sauƙi, domin a ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi, zuwa Kano ya koma sati biyu sau ɗaya. Amma cikin Agusta duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai in naɗe wando in zaga ƙauyen a ƙafa, in ga ina ruwa ke bi, ina yake tsayawa, wane lungu ne mashin ke wucewa wanne ne sai an ɗauke shi. Gidan farin fentin nan, ruwa har bakin tagar ƙasa, kwaɗi na ta kuka a tsakar gidan.

Wanda na saya daga baya ko kusa bai kai wancan kyau ba. Rabi ginin ƙasa rabi bulo, a kan tudu kusa da masallacin Juma'a, da darbejiya biyu a ƙofa. Matsalarsa ɗaya, gidan gado ne, magada bakwai. Babban wansu yace shi ne wakili, in bashi kuɗi kawai ya raba. Nan na tuna maganar mahaifina Allah ya jiƙansa, cewa gidan gado ba a sayensa a bakin mutum ɗaya. Naje wajen mai unguwa na zube na gaishe shi nace ranka ya daɗe ina son gidan nan amma ina son inji daga bakin kowa. Ashe akwai ƙanwarsu da ke aure a Gwaram ko labari bata da shi. Limamin garin ya ƙara min haske, yace a fiƙihun Malikiyya akwai abin da ake kira shuf'a, in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa, sauran suna da haƙƙin su biya kuɗin su karɓe, kaga kenan zaka iya biya ka gyara gida daga baya a tashe ka kuma shari'a ta basu gaskiya. Sai da aka aika aka zo da ita, ta zauna a bayan labule ta ce ta yarda da bakinta, aka faɗi kasonta a gaban shaidu. Ni wannan ya fi min komai, bana son in kwana a ɗakin da haƙƙin wata ke ciki.

Aka rubuta takardar ciniki, magada bakwai kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu huɗu, mai unguwa da dagaci suka buga hatimi, aka kira maƙwabta aka nuna iyaka ta kowace kusurwa har inda indararo ke zuba. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, kuma kuskure ne a ganina. Dokar filaye ta 1978 ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna, filin da ke karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke bada takardar izinin mallaka irin ta gargajiya, don haka na ɗau fayil na yi ta sintiri sakatariya har ta fito. La'adar dillali kashi 5 cikin 100, ita ma a yi maganarta tun farko wa zai biya. Wasu abokai sun ce me yasa ban nemi rancen asusun gidaje na ƙasa ba tunda ana cire mana kashi 2.5 na albashi duk wata, nace ni dai zancen kuɗin ruwa ne ya tsaya min, ga shi kuma suna son takardun da gidan ƙauye ba kasafai yake dasu ba. Na gwammace ƙaramin gida da kuɗina.

Bayan kaka na kwaso su. Satin farko uwargida kuka take a ɓoye, na sani, wutar nefa sai an ga dama, ba 'yan uwa, ba kasuwar Kwari da zata shiga ta zaɓo yadi. Na haɗa ƙaramar sola na fanka da caji da ƙwan lantarki uku. Amma abin da ya fara sauko da ita, fita ce. Wata Asabar ta dafa dafaduka ta zuba a kula, na ari mota muka tafi Dutsen Mesa gaba ɗaya. Yaran suka samu dutsen nan mai ƙara, ai kuwa sai da na janye su da ƙyar, babbar tana buga gefe ɗaya ƙaninta na amsawa a ɗaya gefen. Uwargida kuma ta daɗe tsaye gaban shanun nan tana kallo, can tace “wai mutum ne ya zauna a nan ya zana wannan, da hannunsa?” A hanyar dawowa na nuna wa babban ɗana kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu nace masa nan Aliko Ɗangote yayi sakandare, tun daga ranar ya daina cewa an kawo shi daji.

Garin Dutse kuma bai kai awa ɗaya ba daga wajenmu, mun je ya fi sau biyar. Mu hau Garu inda tsohuwar fadar sarki take a tsakiyar duwatsu, ka tsaya ka hango garin a ƙasa, in lokacin dabino ne mu sayo ɗanye, wanda bai taɓa cin ɗanyen dabinon Dutse ba ba zai gane ba, garas garas ga zaƙi. In Litinin ce kuma ba aiki mu biya kasuwar Shuwarin ta sayo kayan miya da araha.

Tafiya mafi nisa ita ce Baturiya, can ƙasar Haɗeja a ƙaramar hukumar Kirikasamma, wannan kam sai an yi asubanci kuma a dawo da dare, da yara ƙanana akwai wahala ba zan ɓoye ba. Cikin sanyin Janairu muka je domin lokacin ne tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai suke sauka a fadamar. Tun 2008 aka sa wajen cikin jerin dausayin duniya da ake karewa. Kirinjijiya garke garke, ɗinya, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, balbela kamar an shanya fararen kaya, wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale muka ɗan zaga, yana nuna min yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, yana cewa tun da aka yi madatsar Tiga da ta Challawa ruwa ba ya zuwa yadda iyayensu suka saba. Na ji zafin maganar nan, don ni ɗan Kano ne, ruwan Tiga shi ke ba manoman Kadawa da Kura shinkafa da tumatir, ban taɓa tunanin wanda ke can ƙasan kogin ba. Muka tsaya Haɗeja muka sayi bandar kifi, yaran duk sun yi barci kafin mu fita gari.

Yanzu keken ɗinkin uwargida na zaure, matan ƙauyen sun gano ta iya ɗinkin zamani, kafin sallah har korar aiki take. Dattijon nan na Dutsen Mesa ashe gidansa layi biyu ne tsakaninmu, ranar da na gane shi a masallaci na bi shi har gida da goro da sukari, ya yi ta dariya wai shi bai ma tuna ba. Damunar da ta wuce ɗakin ƙasan nan ya ɗan yi yoyo ta kusurwar gabas, na sayi bulo 200 na ajiye a tsakar gida, magini yace in an gama girbi zai zo mu fara.