Kafin ka sa hannu a ƙaramin gidan wasan da ba ya ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago

A Amurka gidajen wasan daɓe iri biyu ne a wurin ɗan wasa. Akwai waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da Actors' Equity, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa da manajojin dandamali da aka kafa a 1913, akwai kuma waɗanda ba su ƙulla ba. Kusan kowa daga rukuni na biyu yake farawa, wato ƙananan gidaje masu kujera ɗari ko ɗari biyu a garuruwan da ke nesa da Niyok. Can ake gogewa, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai ƙannena, a irin wannan gida ba a ɗora wa kowa alhakin ƙirga awowinka ko kula da hutunka ba. Yawancinmu murnar an zaɓe mu ce ta rufe mana ido muka sa hannu ba tare da tambaya ba, alhali tun ran gini ran zane.

Fara da lissafin kuɗi, domin a nan aka fi cutuwa. Waɗannan gidaje ba kasafai suke biyan albashin mako ba, alawus ne dunƙule na wasan gaba ɗaya. A ce an yi maka tayin dala 1,200. Ɗauko biro. Atisaye na mako huɗu, kwana biyar a mako, awa huɗu kowane dare, ya kama awa 80. Makon haɗa wasa da fitilu da sauti zai ci kamar awa 40. Wasa 12, kowanne awa huɗu idan ka haɗa da zuwa da wuri da kwalliya da cire kaya, awa 48 ke nan. Ƙara awa shida na kwance kayan dandamali a daren ƙarshe. Jimla awa 174, wato kusan dala 6.90 a awa, ƙasa da dala 7.25 da dokar tarayya ta tsayar tun 2009 a matsayin mafi ƙarancin lada. Kuma ba mu sa haddar layuka a gida da kuɗin man mota ba. Kana iya karɓar aikin duk da haka idan rawar ta kai, amma ka karɓa da saninka.

Tambaya ta biyu ita ce wace takardar haraji za su ba ka, W-2 ko 1099. Matasa kan ɗauka wannan maganar akawu ce kawai, alhali ita ke raba ma'aikaci da ɗan kwangila. Mai W-2 ma'aikaci ne: ana cire masa kashi 7.65 cikin ɗari na kuɗin fansho da lafiyar tsufa, gidan wasan ya biya daidai da haka. Mai 1099 shi zai ɗauki duka biyun, kashi 15.3, da zarar ribarsa ta kai dala 400 a shekara. Daga cikin dala 1,200 ɗin nan kusan 170 ta tafi tun kafin a zo harajin kuɗin shiga. Da yake ba a cire komai lokacin biya, sai mutum ya kashe kuɗin duka, watan Afrilu, lokacin biyan haraji, ya zo ya tarar da bashi. Ware kashi ɗaya cikin huɗu ranar da kuɗin ya shigo, ka manta da shi.

Abin da ya fi harajin nauyi shi ne inshorar raunin aiki. Ma'aikata ta shafa, ɗan kwangila galibi ba ya ciki, kuma kowace jiha da dokarta. A ganina kiran ɗan wasa ɗan kwangila ba ya kama hankali: mutumin da aka faɗa wa ƙarfe nawa zai zo, ina zai tsaya, me zai sa, me zai ce, ta ina ya zama mai zaman kansa? Kalifoniya ta tsaurara sharuɗan kiran mutum ɗan kwangila da dokar AB5 da ta fara aiki a Janairun 2020, amma a wurare da dama ana nan yadda ake. Don haka tambayi furodusa kai tsaye: idan na faɗo daga kan dandamali, wa zai biya asibiti? Idan ya ce ai ba a taɓa samun matsala ba, amsar ita ce kai za ka biya.

Ranar biya ma a rubuta ta. Equity kan sa furodusa ya ajiye kuɗin jingina, yawanci na mako biyu, saboda ko wasa ya rushe a sallami mutane. A nan babu wannan. Nemi a raba kuɗin uku: ranar fara atisaye, daren buɗewa, daren rufewa. Idan an ce kaso za a ba ka daga kuɗin tikiti, tambaya ko kafin a cire kuɗin haya da talla ne ko bayan an cire, don bayan an cire sau da yawa ba abin da ke saura.

Dokokin hutun Equity ba su hau kan gidan ba, amma ka san su don su zama ma'auninka: hutun minti biyar bayan minti 55 na aiki, ko minti goma bayan minti 80, kwana ɗaya a mako, bisa al'ada Litinin, kimanin awa 12 tsakanin tashi da dawowa washegari. A makon haɗa fitilu akwai ranakun da ake aikin awa goma cikin goma sha biyu. Inda babu mai riƙe agogo, goma kan koma sha huɗu.

Wannan makon ne ya fi haɗari, kuma dalilin a fili yake. Mako huɗu kana atisaye a ɗaki mai haske, matakalar ma zanen tef ce a ƙasa. Yanzu ga matakala ta gaske da aka gama bugawa jiya da dare, ga takalmin da ba ka saba da shi ba, an kashe fitilu ɗif, idonka bai gama washewa daga hasken da ya dalle shi ba, kuma kana da daƙiƙa kaɗan ka fice. Kafin a fara, bi duk hanyoyinka da fitila a kunne, ka taka kowane mataki, ka girgiza abin dafawa. Inda babu tef mai ƙyalli a bakin mataki, gaya wa manajan dandamali ya liƙa. Idan akwai faɗa a wasan, ko mari ɗaya ne, dole a samu wanda ya koyi tsara faɗa, kuma a maimaita shi a hankali kafin kowane wasa. Darakta ya ce ku yi yadda ya zo muku, ka ce a'a. Haka duk fitowar da ke da taɓa jiki ko rage sutura: a faɗa maka tun ranar tantancewa, a rubuta iyakarta, a tsara ta motsi bayan motsi. Mai asma kuma ya tambaya ko za a kunna injin hayaƙi.

A cikin kwantiragin, duba ko akwai layin da ya ce da sauran ayyukan da za a ba ka. A gidajen wasan bazara wannan layi na nufin fenti da safe, atisayen wasa na gaba da rana, wasa da dare, sannan hawa tsani ƙarfe ɗayan dare ana sauke fitilu. Sa a lissafa ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Idan za su ba ka masauki, tambayi mutum nawa a ɗaki, ko akwai kicin, da nisansa da gidan wasan idan ba ka da mota.

A ƙaramin gida sau da yawa darakta shi ne furodusa, shi ne kuma mai gidan, to ƙararsa wurin wa za ka kai? 'Yan wasan Shikago sun zauna kan wannan, suka fitar da ƙa'idojin da ake kira Chicago Theatre Standards a 2017, waɗanda gidan wasa kan ɗauka da ra'ayin kansa. Ko gidanku bai ɗauka ba, ku ari abu biyu daga ciki: 'yan wasa su zaɓi wakili a ranar farko, kuma a rubuta sunayen mutanen da za a kai wa koke hawa-hawa, har da wanda ba ya cikin ɗakin atisaye.

Tun 2021 Equity ta buɗe ƙofa ga duk wanda aka taɓa biya a matsayin ɗan wasa ko manajan dandamali, don haka adana kwantiraginka da shaidar biya. Amma kada ka yi gaggawar karɓar katin zama mamba. Mamba ba ya aiki sai da kwantiragin ƙungiya, saboda haka fara ƙirga gidaje nawa ne a yankinka ke ɗaukar 'yan ƙungiya, kuma nawa daga cikinsu suka taɓa kiranka tantancewa.