Saita hasken talabijin: aikin da muke yi kafin mu bar gidan kwastoma

A shagonmu muna sayar da talabijin, muna kafa ta a bango, muna kuma gyara. Galibin waɗanda ake kawo mana da ƙorafin "hoto ya yi duhu" ko "haske na hawa da sauka" lafiyarsu ƙalau, saiti ne kawai bai zauna ba.

A ƙasan gilashin yawancin talabijin na LED, waɗanda ake ce wa filasma, akwai wani ɗan ido da ke auna hasken ɗaki. Ɗaki ya yi duhu, sai ta rage fitilun da ke bayan gilashi. Rana ta shigo, ta ƙara. Samsung na kiransa Eco Sensor ko Brightness Optimization, Sony na cewa Light Sensor, LG kuma ta ɓoye shi ƙarƙashin Energy Saving. Idan sifika ko dikoda ta tare idon nan, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, talabijin za ta ɗauka dare ne, ta dusashe hoto da tsakar rana. Goge shi da busasshen ƙyalle ya kan gama maganar.

Mu dai kashe shi muke fara yi, domin ba a saita hoton da ke canzawa da kansa. Sai a bar talabijin ta yi kamar minti 20 a kunne, a tabbatar tana kan Home Mode. Store Mode na kanti ne, kuma yana goge saitin da aka yi bayan ɗan lokaci. Daga nan a sauka daga Vivid ko Dynamic a koma Movie, Cinema ko Filmmaker Mode.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne Backlight da Brightness. Backlight ƙarfin fitilun baya ne. Brightness kuwa zurfin baƙi yake taɓawa: an ɗaga shi, baƙi ya koma toka-toka; an sauke da yawa, baƙar riga da inuwa su haɗe. Wajen 50 ya kan zauna daidai. A lura, Sony da sababbin Samsung sun mayar da sunan Brightness kan fitilun baya, sai a duba Black Level ko Shadow Detail don baƙin. Contrast a ɗaga shi har sai ɗinkin farar shadda ya fara ɓacewa, sannan a dawo baya kaɗan. Sharpness tsakanin 0 da 10 ya isa a yawancinsu, fiye da haka farin layi ne kawai a gefen fuska. Zafin kala a sa Warm, shi ya fi kusa da ma'aunin farin haske na 6500K da ake haɗa finafinai a kansa. Kwana biyun farko mai gida zai ce ya yi ja, ido ne ya saba da shuɗi.

Maganar fitilun nan ita ta fi damuna. Ƙwayayen suna jere a kan sanduna, kowane na cin bolt 3 ko 6, kuma a sarƙe suke, guda ya ƙone layin duka ya mutu. Shi ne a ji murya ba hoto. A haska tocila a gilashi a ga mutane na motsi a ciki. Barin Backlight a 100 dare da rana, musamman a gidajen kallon ƙwallo cikin zafin bazara, shi ke gaggauta wannan. Muna sauke shi zuwa 60 ko 70 a falo, 40 a ɗakin kwana. Mai sola ko inbata ma zai ga batirinsa ya ƙara daɗewa, don fitilun ne suka fi cin wuta.

Kowace ƙofar HDMI da nata saitin, don haka wanda aka yi wa dikodar DStv ko StarTimes ba lallai ya bi YouTube ba. Idan an haɗa kwamfuta hoto ya yi fari-fat, a duba HDMI Black Level. Ma'aunin baƙi zuwa fari ne bai zo ɗaya ba: kwamfuta na aiko 16 zuwa 235, talabijin na jiran 0 zuwa 255.

Bayan an gama, falo mai manyan tagogi mukan mayar masa da idon haske, tare da sa iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba idan talabijin ɗin na da wannan zaɓi. Ɗakin da haskensa ba ya canzawa a bar shi a kashe. Menun sirri na kamfani kuma kada kowa ya shiga ba tare da ya rubuta lambobin asali ba, domin Reset ɗin rimot ba ya dawo da su.