Fako ya farfaɗo, amma a hannun wa?

Mu 'yan Adar ta Nijar muna alfahari da tassa, wato ramun shuka da ake ginawa a kan fako, kuma da gaskiyarmu. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ramu a kan fako, a zuba taki, ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa. Suka dawo suka gwada, ƙasar da ko ciyawa ba ta fitarwa ta koma ba da hatsi. A Keita ma, aikin da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya ya ɗaure tuddai da duwatsu da itatuwa, kuma mata ne suka fi ɗaukar duwatsun nan, don maza sun tafi bida.

Abin da ya biyo baya ne ke damuna. Da aka gane fako na da amfani, sai ya shiga kasuwa. Mai hali ya saye shi da araha, ya ɗauko 'yan barema su gina masa ramu, ya kwaso taki da amalanke daga garkensa. Talaka fa? Tassa aikin rani ce, shi kuwa da rani yana Abijan yana neman abin da iyali za su ci. Ba shi da bisashe, to ina zai samu taki?

Ina da ɗan'uwa gwanin ginin tassa, tafin hannunsa duk kanta, amma gonakin mutane ya gyara. Tasa tana jingina tun shekarar da rumbunsa ya ƙare kafin ruwa ya sauka. Ranar da ya kamata ya nome ɗan fegin da ya rage masa, yana gonar wani don tiya biyu ta tuwon dare. Matarsa ta san amfanin gawo sarai, amma in ba ta saro itace ba, tukunya ba za ta hau wuta ba.

Cikin muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, na 10 shi ne rage rata tsakanin masu shi da marasa shi, na 15 kare ƙasar noma da dazuka daga lalacewa. A gonar ɗan'uwana magana guda ce.

Roƙona ga masu kawo ayyukan gyaran ƙasa: kafin a raba diga da shebur, a zauna da kwamitin filaye, a rubuta sunan mai kowane fako, har da na mata. A kuma cika bankin cimaka kafin bazara, don mutum ya samu bashin hatsi ba sai ya jinginar da gonarsa ba.