Viola a Rigar Cesario: Abin da Shirya Wasan Shakespeare Ya Koya Mini

Wasan Twelfth Night na William Shakespeare, wanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu, an rubuta shi ne wajen shekarar 1601, kuma an san cewa an yi shi a zauren Middle Temple da ke Landan ranar 2 ga Fabrairu, 1602. A wancan zamani mata ba sa hawa dandamali a Ingila, sai daga 1660 aka fara ganinsu, don haka yaro namiji ne yake fitowa a matsayin Viola, budurwar da jirgin ruwansu ya kife a gaɓar Illyria, ta rabu da Sebastian wanda suke tagwaye da shi, ta sa kayan maza, ta raɗa wa kanta suna Cesario, ta shiga hidimar basarake Orsino, ta kuma kamu da sonsa a ɓoye.

Ni kuwa da na ɗauki nauyin shirya wasan a makarantar sakandaren 'yan mata inda nake koyar da adabi, sai lamarin ya juye, domin ba mu da namiji ko ɗaya. Mai fitowa a Orsino mace ce cikin kayan maza, haka Malvolio, wakilin gidan Olivia, matar da Orsino yake nema, haka Sir Toby, ɗan'uwanta, kuma dukkansu ana son 'yan kallo su ɗauke su maza na gaske. Viola ita ma tana cikin kayan maza, amma ita ana son kowa ya riƙa tuna cewa mace ce. Wannan ita ce matsalar da ta fi cin lokacinmu wurin gwaji.

Shawarar da na yanke ita ce, masu fitowa a maza su yi gashin baki da kwalli, su kaurara murya, su riƙa takawa da ƙarfi, ita kuwa Viola hula da riga da wando kawai za ta sa, ta yi magana da muryarta ta kullum. Yarinyar ba ta gamsu ba. Ta ce, "Malama, idan ban sauya murya ba ai kowa zai gane ni mace ce." Na ce mata 'yan kallo dama ya kamata su gane, Orsino da Olivia ne kaɗai bai kamata su gane ba, kuma shi kansa Orsino tun a kashi na farko yana faɗa wa Cesario cewa leɓɓansa da muryarsa irin na budurwa ne. Idonsa yana gani, zuciyarsa ce take wani wuri.

Fitowa ta huɗu a kashi na biyu ita ce ta buɗe mini ido game da wasan baki ɗaya. Orsino yana bugun ƙirji cewa babu zuciyar mace da za ta iya ɗaukar so irin nasa, sai Cesario ya ba shi labarin wata 'yar mahaifinsa da ta so wani mutum, ba ta taɓa furtawa ba, abin yana cin ta a ciki. Ɗalibaina ba su bukaci dogon bayani a nan ba, domin kunya da kawaici ba baƙin abubuwa ba ne a gidajen da suka tashi. Da farko yarinyar ta gwada yin kuka, amma bai zauna ba. Daga baya, ita da kanta ta ɗauki alkyabbar Orsino da ke ajiye a kan kujera, tana ninke ta a hankali tana ba da labarin, ba ta ɗaga kai ta dube shi ba sai da ya tambaya ko 'yar'uwar tata ta mutu saboda son. Tun daga ranar na daina kallon shigar burtun Viola a matsayin dabarar ba da dariya kawai. Rigar mazan ce ta ba ta damar zama kusa da Orsino har ta faɗa masa gaskiyar da mace a matsayinta ba za ta iya faɗa ba, kuma rigar ce ta hana shi jin abin da take faɗa. Abin lura shi ne, Orsino bai haɗu da Olivia da yake ikirarin so ba a kan dandamali sai a kashi na biyar, alhali cikin kwana uku ya riga ya buɗe wa Cesario cikinsa.

Olivia ma na ƙi yarda a mayar da ita sakarya, ko da yake ɗalibai sun so hakan don samun tafi. Mace ce da ta rasa uba da ɗan'uwa, ta yi alkawarin lulluɓe fuskarta shekara bakwai, sai ga Cesario, ɗan aiken Orsino, ya ajiye jawabin da ya haddace ya yi mata magana daga zuciyarsa, ita kuwa ta kamu da sonsa. A ganina maganar ce ta kama ta kafin fuskar. Saboda haka lokacin da Malvolio ya jefa zoben Olivia a ƙasa gaban Cesario, na bukaci Viola ta tsuguna ta ɗauke shi da tausayi, domin ta fi kowa sanin ciwon son wanda ba zai samu ba.

Batun tagwaye bai wahalar da mu ba. Yaran biyu ba su yi kama ba ko kaɗan, amma da muka ɗinka musu kaya iri ɗaya 'yan kallo suka karɓa. Na dai gaya musu cewa Shakespeare shi ma uban tagwaye ne, Hamnet da Judith, kuma Hamnet ya rasu a 1596 yana ɗan shekara 11. Daga nan suka daina gaggawa a wurin da Viola da Sebastian suke tambayar juna game da mahaifinsu kafin su yarda da abin da suke gani.

Bayan wasan, wata uwa ta tambaye ni dalilin da ya sa ban bar yarinyar ta fito da zane da ɗankwali a ƙarshe ba, tunda asiri ya riga ya tonu. Na amsa mata cewa marubucin ne bai bari ba: kayan matan Viola suna hannun matuƙin jirgin da ya cece ta, shi kuma yana tsare saboda ƙarar da Malvolio ya kai shi. Orsino ya nemi aurenta tana cikin hula da wando, har yana ci gaba da kiran ta Cesario, yana cewa sai ta sauya sutura za ta zama sarauniyar zuciyarsa, kuma wasan ya ƙare ba ta sauya ba. Idan na sake shirya shi, haka zan sake barin ta.