Yadda darbejiya ta cece ni daga tsutsar rake

Fadamata tana yankin Maƙarfi, inda yaro ke tashi da rake a hannu. Bara waccan, raken bai wuce wata biyu da fitowa ba, na fara ganin ganyen tsakiya yana bushewa alhali na gefe kore shar. Na kama ɗaya na ja, ya zaro ba gardama, gindinsa a ruɓe yana wari. Da na tsaga karan, ga tsutsa kwance cikin ramin da ta huda.

Maganin kanti ya fi ƙarfin aljihuna, kuma raken sha ne, da haƙori yara ke ɓare shi. Malamin gona ya ce, "Malam, ga darbejiya a ƙofar gidanka." Na tsinto 'ya'yan da suka nuna, na wanke, na shanya a inuwa, na ɓare. Rabin kilo na ƙwayar nake dakawa, in jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, in tace da ƙyalle sau biyu don kada bakin injin feshi ya toshe, sannan in narka ɗan sabulu don ruwan ya kama ganye. Turmi daban na saya, domin ɗacin ba ya fita da wanki, uwargida kuma ta yi magana.

Feshin farko asara na yi. Da tsakar rana na fesa, kuma a kan raken da ya riga ya mutu. Ashe rana tana saurin kashe ƙarfin maganin, tsutsar da ta shige kara kuwa ruwa ba ya kai mata. Sai tana ƙarama, tana kan ganye bayan ƙyanƙyasa, darbejiya ke hana ta ci, ta hana ta girma. Daga nan na koma feshin yamma duk kwana 7, ina karkata ruwan cikin kunnen ganye, inda take ɓuya. Wanda ya bushe in yanke shi daga tushe in ƙone.

Darbejiya ba ta kashe tsutsar nan take, wannan ya sa maƙwabcina ya daina tun sati na biyu. Ni na daure, sabbin 'ya'yan raken suka taso lafiya.

Tukar da ta rage bayan tacewa nake zubawa a rami lokacin dasa iri saboda gara. Garar ta ragu, amma gefen da ke kusa da suri har yanzu tana min ɓarna. Bana buhu biyu na ƙwayar darbejiya na tara, na rataye inda iska ke ratsawa, domin ƙwayar da ta yi fumfuna ba ta aiki.