Yadda na ƙera majuyi domin gyaran tsohuwar kombi

Na shafe kusan wata uku ina kwanciya rigingine a ƙarƙashin tsohuwar bas ɗina, ƙirar Volkswagen ta shekarar 1972, ina kankare tsatsa ina ƙoƙarin yin walda a saman fuskata, kafin na yarda cewa wannan hanya ba za ta kai ni ko'ina ba. Duk wanda ya taɓa yin walda a kwance ya san cewa narkakken ƙarfe ba ya tsayawa inda aka sa shi. Ƙasa yake nema, kuma mai waldar ne a ƙasan, don haka tartsatsi ya riƙa shiga hannun riga da wuya, hannu ya gaji kafin a gama taƙi ɗaya, ido kuma bai ganin bakin haɗin yadda ya kamata. Zafin tartsatsin abu ne da ake jurewa. Abin da ya dame ni shi ne, da na haska fitila na duba aikin da na yi a waɗannan watanni, sai na ga walda ce da ba zan yarda in ɗauki iyalina a kanta ba. Daga nan na ajiye gyaran motar gefe, na koma ƙera abin da zai ɗaga ta ya juya ta, wanda nake kira majuyi.

Sai an fahimci yadda aka gina wannan mota kafin a ga dalilin wannan wahala. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera irin waɗannan ƙananan bas-bas, waɗanda ake kira kombi, a shekarar 1950 a birnin Wolfsburg na ƙasar Jamus, sannan ya mayar da aikin birnin Hanover a 1956. Na farko, masu gilashin gaba a rabe gida biyu, an yi su a Jamus har zuwa 1967, daga nan aka shiga ƙira ta biyu mai gilashi guda mai lanƙwasa, wadda tawa take cikinta. A motar Beetle ta kamfanin, ana iya kwance kusoshi a ɗaga bodi daga kan shimfiɗar ƙasa a yi wa kowanne aiki daban. A kombi kuwa babu wannan sauƙi, domin dogayen ƙarafan ƙasa da na giciye da dakalin ƙofofi da daɓen ciki duk an haɗe su da bodi ta hanyar walda, sun zama jiki ɗaya. Kuma a nan ƙasan ne ruwa da laka suke kwanciya shekara da shekaru: dakalin ƙofa, wuraren kafa jak, ƙananan ƙarafan da suka fito daga dogayen zuwa gefe, da mazaunin batir. Wanda yake son ya kai ga waɗannan wurare da kyau, dole ne ya juya motar gaba ɗayanta.

Majuyi iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai zobe, inda ake kewaye bodi da manyan zobba biyu na ƙarfe a mirgina su a kan ƙananan tayoyi, akwai kuma mai ginshiƙi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, motar tana rataye a tsakaninsu tana juyawa a kan layi guda. Na zaɓi na biyu saboda lanƙwasa bututu ya zama cikakken zobe yana bukatar injin da ba ni da shi, sannan zobba suna tare gefen motar, wurin da aikin dakali yake.

Awo na farko da na yi na tsayi ne, kuma a nan ne kombi ta bambanta da ƙaramar mota. Tsawonta mita 4.5 ne, faɗinta mita 1.72, kuma ko bayan an cire tayoyi da duk kayan ƙasa, bodin dogo ne kamar akwati. Idan akwati ya juya, kusurwarsa ce take fara taɓa ƙasa, saboda haka abin da ake aunawa shi ne nisan da ke tsakanin cibiyar juyi da kusurwar da ta fi nisa da ita, wato bakin rufi inda magudanar ruwa take. A tawa, na ƙiyasta cibiyar tana ƙasa da rufi da kimanin mita ɗaya, rabin faɗin motar kuma santimita 86 ne, sai lissafin kusurwa uku ya ba ni kusan mita 1.32. Na ƙara sarari domin sandar da ta haɗa ginshiƙan biyu ta ƙasa, na tsayar da cibiyar a mita 1.45 daga daɓen gareji. Wannan yana nufin cewa idan kusurwar ta koma sama za ta kai kusan mita 2.8, kuma sai da na je na auna rufin garejina kafin na yanka ƙarfe ko ɗaya. Ina shawartar kowa da ya yi wannan awon tun farko, domin majuyin da ba ya iya cika zagaye a cikin ɗakin da yake, rabin amfaninsa ya tafi.

Amma abin da ya fi kowane awo muhimmanci, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu, shi ne cibiyar nauyi. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tsakiyar bodi a ido ita ce tsakiyar nauyinsa, alhali a kombi mafi yawan ƙarfe mai kauri yana ƙasa, rufi da gefuna kuwa falle ne marar kauri da ramukan tagogi. Saboda haka cibiyar nauyi tana ƙasa sosai da tsakiyar tsayi. Idan layin juyi ya ratsa ta daidai wannan cibiya, mutum ɗaya zai juya motar da hannu ɗaya, kuma za ta tsaya a duk inda ya sake ta. Idan layin ya yi sama da cibiyar, motar za ta riƙa komawa tsaye da ƙarfi kamar lilo. Idan kuwa ya yi ƙasa da ita, to nan ne hatsari yake, domin da zarar an zare makullin da ke hana ta juyawa za ta kife da kanta, ta ja duk wanda ke riƙe da ita. Lissafin ba shi da wuya. A ce bodin kilo 500 ne, kuma an kauce wa cibiyar da santimita 10 kacal. Idan motar ta kwanta a gefe, ƙarfin da ke neman juya ta daidai yake da a rataya kilo 50 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Santimita goma a kan mota mai wannan girma abu ne da ido ba ya kamawa, amma kafaɗa tana jin sa nan take.

Tun da ba na iya sanin wannan cibiya a kan takarda, sai na ƙera majuyin yadda za a neme ta bayan an ɗora motar. A kowane ginshiƙi, hannun da ke riƙe da motar yana zamewa sama ko ƙasa a cikin wani gajeren bututu da ke manne da sandar juyi, kuma doguwar sanda mai zare mai kaurin milimita 24 ce take matsar da shi, ana juya noti motar tana hawa ko tana sauka a hankali dangane da layin juyi. Akwai wani dalili na biyu da ya sa wannan daidaitawa ta zama dole: cibiyar nauyi ba ta zama wuri ɗaya a tsawon aikin. Ranar da aka yanke ruɓaɓɓen daɓe ta matsa sama, ranar da aka sa sabo ta dawo ƙasa, haka nan idan aka cire ƙofofi ko aka mayar da su. A ganina, majuyin da aka yi wa walda a kafe ba tare da wannan dama ba, bai kammala ba.

Game da ƙarfe, na yi amfani da bututu mai kusurwa huɗu, milimita 60 a 60 mai kaurin milimita 4, domin ginshiƙai da ƙafafu, sai mai 50 a 50 domin sassan da ke zamewa a cikinsa. Akwai ɗan tudun walda da ke bin tsawon cikin irin wannan bututu, kuma sai an goge shi kafin ƙaramin ya shiga babban. Sandar juyi bututu ne zagayayye mai kaurin bango a cikin wani da ya ɗan fi shi faɗi, da giris a tsakaninsu. Ban sa boris ba da gangan, saboda ɗan gogayyar da ke tsakanin bututun biyu tana hana motar gudu idan daidaiton bai cika ba. Kusoshin da ke ɗaukar nauyi duk masu lamba 8.8 a kansu ne, lambar da ke nuna ƙarfinsu. Ƙafafun kowane ginshiƙi na yi musu faɗin mita 1.8, domin idan motar ta kwanta a gefe kada ta rinjayi majuyin.

Waldar majuyi ba irin ta bodi ba ce, kuma wanda ya saba da ɗaya sai ya sake koyon ɗayar. A bodi, fallen bai cika wuce milimita ɗaya ba, kuma tsoron mai walda shi ne ya huda shi. A bututu mai milimita 4, tsoron shi ne zafi ya gaza, waldar ta kwanta a sama kamar tsutsa, kyakkyawa a ido, alhali ba ta ci cikin ƙarfen ba. Ƙaramin injin MIG, wato mai walda da waya maimakon sanda, da nake yi wa bodi aiki da shi, mai waya milimita 0.8, yana iya yaudarar mutum ta wannan hanya, don haka na ɗana sassan da shi kawai, wato na ɗiga ƙananan walda su riƙe su, na cika manyan haɗe-haɗen da injin sanda, da sandar walda mai lamba 7018 mai kaurin milimita 3.2. Wannan sanda ba ta son danshi, sai an adana ta a bushe, kuma kunna ta ya fi na 6013 wuya, amma ta fi dacewa da abin da zai ɗauki nauyi a saman mutum. Kowane baki na goge shi har ƙarfe ya yi fari, na kuma fiƙe shi domin waldar ta sami ramin shiga. Kafin in taɓa majuyin kansa, na haɗa guntaye biyu na wannan bututun, na yanka haɗin da giranda na duba cikinsa, sannan na sa wani a matsi na yi ta dukansa da guduma. Bututun ne ya lanƙwashe, waldar ba ta tsage ba, sai a lokacin na amince da yadda na saita injin.

Walda tana jan ƙarfe wajen inda aka yi ta yayin da take hucewa, kuma ginshiƙin da aka tsayar daidai zai iya karkata idan aka cika gefe ɗaya a tashi guda. Na ɗana kusurwoyi huɗu tukuna, na duba da sukwaya da ma'aunin lebur, sannan na riƙa yin gefe ɗaya in tsallaka zuwa kishiyarsa. A gindin kowane ginshiƙi na sa tokare uku, ɗaya a kowane gefe, ɗaya kuma a baya, domin a nan ne duk ƙarfin lanƙwasa yake taruwa. Dole ne kuma sandunan juyin biyu su kasance a kan layi guda, in ba haka ba bodin ne zai riƙa murɗewa a kowane zagaye. Na tabbatar da wannan da zare da na ratsa ta tsakiyar bututun biyu na ja shi sosai.

Abubuwa biyu na lafiya ba zan tsallake su ba. Bututun da aka lulluɓe da tutiya yana fitar da farin hayaƙi idan aka yi masa walda, wanda ke kawo zazzaɓi da ciwon jiki, don haka na sayi baƙin ƙarfe kawai. Haka kuma maganin wanke birki mai sinadarin kulorin yana iya rikiɗewa ya zama iska mai guba idan ya haɗu da wutar walda, saboda haka ba na barin sa kusa da wurin aiki. Tankin mai kuwa tun kafin wannan duka na fitar da shi daga garejin.

Kafin ɗaga motar, na tokare ta daga ciki. Bodin da dakalinsa ya ruɓe, ga kuma babban ramin ƙofar gefe mai zamewa, zai iya lotsawa idan aka rataye shi ta ƙarshensa biyu, kuma idan aka yi walda a haka, ƙofofi ba za su sake rufuwa daidai ba. Na ɗana bututu mai 25 a 25 a giciye a kowane ramin ƙofa da kuma tsakanin gefe da gefe, na auna daga kusurwa zuwa kusurwa na rubuta. Wurin kamawa ma na yi tunani a kansa. Ramukan bamba suna da sauƙin kaiwa, amma ƙarshen ƙarafan da suke ciki a tawa ya ci tsatsa, don haka na tsawaita hannayen majuyin har zuwa inda ake ɗaure ƙarfen tayoyin gaba, a baya kuma na kama dogayen ƙarafan a inda suke da lafiya.

Ranar juyin farko mu uku ne, da igiya a ɗaure a kowane gefe, kuma da gangan na fara da layin juyi a sama da inda nake zato, domin in kuskure ya zo, ya zo ta ɓangaren da motar ke komawa tsaye. Haka kuwa aka yi. Da muka karkata ta kaɗan, sai ta ja mu ta dawo da ƙarfi. Muka riƙa juya notin gaba da na baya adadi ɗaya, muna gwadawa, har muka ɗaga bodin da kusan santimita 7. A gwaji na shida na tura ta da tafin hannu, ta tafi a hankali, ta kwanta a gefenta ta tsaya. Na zura makulli a farantin da na huda wa ramuka 12, wato rami ɗaya a kowane digiri 30, na sake auna giciyen ƙofofi na tarar ba su motsa ba.

A karo na farko na tsaya a kan ƙafafuna ina kallon ƙasan motar gaba ɗaya a hasken rana, kuma na ga tsatsa a saman ƙarafan giciye guda biyu, wurin da fitila ba ta taɓa nuna mini ba ina kwance. Kankarewa da ƙananan faci da fenti duk a juye zan yi su. Dakalin ƙofa da ƙarafan da ke riƙe da siffar motar kuwa, sai na mayar da ita tsaye na tallafe ta daga ƙasa a kan lebur na ɗana su, sannan in juya ta in cika waldar. Da na hagu zan fara, domin shi ne ya fi lalacewa, kuma waldar da na yi masa a kwance a watannin baya ita ce ta farko da zan yanke.